Nazarin Faransanci da 'yan'uwansa a jami'a: Me ya sa batun ya shafi Maiduguri?

Jihar Borno ita kaɗai ce a Najeriya ta yi iyaka da ƙasashe uku: Jamhuriyar Nijar ta arewa, Chadi ta cikin tafki, sai Kamaru ta gabas. A ƙasashen nan uku, da Faransanci aka fi rubuta takardun hukuma, tun daga shaidar haihuwa da takardar kwastan har zuwa hukuncin kotu da rahoton asibiti. Ɗan kasuwar da ya ɗauko kaya daga Maiduguri ya bi ta Dikwa zuwa Gamboru, ya tsallaka gadar kogin El Beid ya shiga Fotokol, zai iya kammala cinikinsa da Kanuri ko Larabcin Shuwa ko Hausa ko Fulatanci. Amma da zarar jami'i ya miƙo masa takarda ya sa hannu, harshe ya canza, kuma abin da ke rubuce a takardar shi ne hukuma za ta riƙe.

Wannan ne ya sa tambayar da iyaye da ɗalibai ke yi duk shekara lokacin cike takardun JAMB, wato ko karatun harshen waje a jami'a yana da amfani, take da wani nauyi na daban a Maiduguri. Tambayar ta ƙara ƙarfi tun da gwamnatocin soja a Mali da Burkina Faso da Nijar suka rage wa Faransanci matsayi a dokokinsu. Domin amsa ta, ya kamata a san mene ne wannan fanni, me ake koyarwa a cikinsa, kuma ina masu digirinsa ke dosa.

Dangi ɗaya, uwa ɗaya

Faransanci ɗaya ne daga cikin harsunan da suka tsiro daga Latin, harshen daular Rum. Manyan 'yan'uwansa su ne Sifaniyanci da harshen Fotugis da Italiyanci da harshen Romaniya, akwai kuma ƙanana irin su Katalan. A jami'o'in duniya ana kiran dangin da sunan "Romance", sunan da kan rikita masu jin Ingilishi su zaci labarin soyayya ake nufi. Asalin kalmar daga Latin ne, ma'anarta yin magana irin ta Rumawa.

Harsunan ba su fito daga Latin na littafi ba. Sun fito ne daga Latin na baka, wanda sojoji da 'yan kasuwa da manoma suka yi ta magana da shi a lardunan daular. Bayan faɗuwar ɓangaren yamma na daular a shekarar 476, lardunan suka rabu, kowanne ya ci gaba da lanƙwasa harshen yadda bakin mutanensa ya saba, har aka wayi gari mutumin Faris ba ya fahimtar mutumin Lisbon. Duk da haka kamannin jini bai ɓace ba. Kalmar ruwa a Latin ita ce aqua; ta zama agua a Sifaniyanci, água a Fotugis, acqua a Italiyanci, apă a harshen Romaniya, sannan a Faransanci ta zaizaye ta koma eau, wadda ake furtawa "o" kawai. Haka dare ya zama noche da noite da notte da noapte da nuit. Wanda ya ƙware a ɗaya daga cikinsu ya yi rabin tafiya zuwa na biyu.

Kowanne ya ɗauki ƙarnoni kafin ya zama harshen mulki da rubutu. Rubutu mafi tsufa da ake dangantawa da Faransanci shi ne rantsuwar da jikokin sarki Shalman biyu suka yi wa juna a Strasbourg a shekarar 842. A 1539 sarkin Faransa ya kafa dokar da ta wajabta rubuta takardun shari'a da Faransanci maimakon Latin, a 1635 kuma aka kafa majalisar da ke kula da ƙa'idojin harshen har yau. An buga nahawun Sifaniyanci na farko a 1492.

Akwai wata alaƙa da za ta ja hankalin mai karatun Hausa. Musulmi sun yi mulki a sassan Andalus daga 711 zuwa 1492, kuma Larabci ya bar kalmomi masu yawa a Sifaniyanci da Fotugis. Kalmar alcalde, wato magajin gari a Sifaniyanci, da kalmar alƙali ta Hausa tushensu ɗaya ne a Larabci. Haka azúcar da sukari, haka aceite, wato mai, da zaitun.

Rahoton ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci na 2022 ya ƙiyasta masu jin harshen da miliyan 321 a duniya, kuma mafi yawan masu amfani da shi yau da kullum a Afirka suke. Masu Sifaniyanci a matsayin harshen uwa sun kai kimanin miliyan 500, masu Fotugis kuma sun haura miliyan 250, galibinsu a Brazil.

Yadda harshen ya iso bakin tafki

Faransanci da bindiga ya iso yankin Tafkin Chadi. A ranar 22 ga Afrilu, 1900, rundunonin Faransa uku da suka taso daga Aljeriya da yammacin Afirka da Kwango suka haɗu suka yaƙi Rabeh a Kusuri. An kashe Rabeh, wanda ya mamaye Borno ya kafa hedikwatarsa a Dikwa, an kuma kashe kwamandan Faransawa, Lamy. Garin da suka kafa a tsallaken kogi suka sa masa suna Fort-Lamy. Shi ne aka mayar da sunansa Njamena a 1973.

Yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa da Jamus suka ƙulla a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 suka yanyanka tsohuwar daular Kanem-Borno. Kanem ta faɗa hannun Faransa a Chadi, ƙasar Manga da Damagaram suka shiga Nijar, Dikwa ta shiga Kamarun Jamus kafin ta koma ƙarƙashin Ingila bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta kuma tabbata a Najeriya bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1961. Yerwa, wadda aka kafa a 1907 ta zama mazaunin Shehu, ta kasance a ɓangaren Ingila. Sakamakon haka, 'yan gida ɗaya suka tashi, wani ya yi boko da Ingilishi, ɗan'uwansa ya yi da Faransanci.

Alamar wannan rabuwa tana cikin Hausar kanta. Bahaushen Damagaram ko Maraɗi kan ce lakwal inda na Kano zai ce makarantar boko, ya kira malamin makarantar mushe, ya yi maganar jandarma da kumandan, ya yi lissafi da sefa. Kalmomin nan duk daga Faransanci suka fito.

Manufa a takarda, aiki a ƙasa

Gwamnatin Najeriya ta daɗe da gane wannan. A ƙarshen 1996 shugaban mulkin soja, Janar Sani Abacha, ya bayyana cewa Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu a ƙasar. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1998 da ta 2004 suka shigar da wannan matsayi, suka kafa hujja da buƙatar kyautata hulɗa da maƙwabta, suka kuma sanya harshen cikin darussan dole a matakin ilimi na farko.

Aiwatarwar ce ta gaza. Makarantun gwamnati da dama, musamman a karkarar arewa, ba su taɓa samun malamin Faransanci ba. Inda aka samu, sau da yawa malami ɗaya ne ke zagaya azuzuwa masu yawa, darasin kuma yakan tsaya ga gaisuwa da ƙidaya. Yaron da bai samu tushe a ƙaramar sakandare ba ba zai rubuta harshen a jarrabawar WAEC ko NECO ba, wanda bai rubuta ba kuma da wuya ya yi tunanin neman sa a jami'a. Ƙarancin ɗalibai a jami'a shi ke haifar da ƙarancin malaman da za su koma sakandare, haka abin yake ta zagayawa. A Borno, shekarun rikicin Boko Haram da suka rufe makarantu suka tarwatsa malamai sun ƙara tsananta matsalar.

Abin da ake karantawa cikin shekaru huɗu

A Najeriya, nazarin harsunan dangin Latin kusan duk yana nufin Faransanci. Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, tana koyar da shi a Sashen Harsuna da Kimiyyar Harshe na Tsangayar Fasaha, ƙarƙashin rufi ɗaya da Hausa da Kanuri da Fulatanci. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen Faransanci mai zaman kansa, Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ma tana koyar da shi. Mai neman harshen Fotugis sai ya gangara kudu, inda Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife ke koyar da shi a sashenta na harsunan waje.

Karatun yana tsaye ne a kan ginshiƙai huɗu. Na farko shi ne harshen kansa: furuci, nahawu, saurare, magana da rubutun insha'i. Na biyu fassara, daga Faransanci zuwa Ingilishi da kuma akasin haka, inda ɗalibi ke koyon cewa wasiƙar ofis da labarin jarida da yarjejeniyar kasuwanci kowanne da salonsa. Na uku adabi, na Faransa da na Afirka da na tsibiran Karebiyan. Na huɗu shi ne tarihi da al'adu da tsarin mulkin ƙasashen da ke amfani da harshen, domin mai fassara da bai san yadda aka tsara kotu ko lardi a Kamaru ba zai yi kuskure ko da ya haddace ƙamus. A shekarar ƙarshe ɗalibi kan rubuta kundin bincike.

Shekara ta uku ita ce ta nutso cikin harshen. A da, jami'o'i kan tura ɗalibansu Faransa ko ƙasashen maƙwabta irin su Togo su yi shekara guda. Da tattalin arziki ya taɓarɓare a shekarun 1980 kuɗin waje suka yi wuya, gwamnatin tarayya ta kafa Ƙauyen Koyon Faransanci na Najeriya a Badagry, jihar Legas, a 1991, domin ɗalibai daga jami'o'i da kwalejojin ilimi su zauna wuri ɗaya, su yi karatu da cin abinci da wasa da Faransanci. A 1992 aka kafa takwaransa na Larabci a Ngala, jihar Borno, wanda rikici ya tilasta masa komawa Maiduguri da ayyukansa.

A nan akwai abin lura. Ɗalibin Faransanci na Maiduguri yakan yi tafiyar sama da kilomita 1,500 zuwa Badagry domin ya ji harshen a kunnensa kullum, alhali tsakaninsa da Njamena bai kai kilomita 300 ba, kuma akwai jami'o'i a Njamena da Marwa da Diffa. Matsalar tsaro a hanyoyi ita ce babban abin da ya sa wannan kusanci bai zama riba ba tukuna.

Bayan digiri, akwai jarrabawar DELF da DALF da ma'aikatar ilimin Faransa ke ba da shaidarsu. Suna auna ƙwarewa a matakai shida, daga A1 zuwa C2, kuma masu ɗaukar aiki na ƙasa da ƙasa sun san su. Cibiyoyin Alliance Française, waɗanda aka buɗe rassansu a biranen Najeriya da suka haɗa da Kano da Kaduna da Jos da Maiduguri, suna cikin masu shirya ɗalibai a kansu.

Inda ake samun sauƙi, inda ake tuntuɓe

Mai jin Hausa yana shiga ajin Faransanci da guzurin da mai Ingilishi kaɗai ba shi da shi. Hausa tana raba sunaye zuwa namiji da mace, Faransanci ma haka, saboda haka batun daidaita suna da siffa ba baƙo ba ne a gare shi. Sai dai jinsin ba ya yin daidai kullum. Rana mace ce a Hausa, wata kuma namiji. A Faransanci rana ce namiji, wata mace. Mai jin Kanuri, wanda harshensa ba ya yin wannan rabo, yakan jingina da Hausarsa ko Larabcinsa ya kama hanya. Haka kuma al'adar ce wa babba "ku" maimakon "kai" ta yi daidai da bambancin vous da tu, abin da ɗaliban wasu ƙasashe ke shan wahalar sabawa da shi. Wanda ya yi karatun allo ya iya furta harafin gaini ba zai sha wuya da "r" ɗin Faransanci ba, domin mafitarsu ta yi kusa.

Wahalar tana wasu wurare. Akwai wasulan da ake fitarwa ta hanci, akwai sautin "u" da babu irinsa a Hausa, akwai bambancin "p" da "f" wanda ke canza ma'ana. Rubutu da furuci sun yi hannun riga, domin haruffa da yawa a ƙarshen kalma ana rubuta su amma ba a furta su. Aikatau kuma yana sauya siffa gwargwadon mai aikin da lokacin aikin, kuma masu karya ƙa'ida a cikinsu ba su da kaɗan. Ba a shawo kan waɗannan da hadda kaɗai. Sai da sauraren rediyo da karatu da yawan magana, ko da ana kuskure ana dariya.

Adabin da ke magana a kan gida

Ɗaliban da suka shiga sashen da zaton labaran Turawa kawai za su karanta sukan yi mamaki. Gaskiya ne za su haɗu da wasannin kwaikwayon Molière da rubuce-rubucen Victor Hugo da Albert Camus, za su kuma ji sunan Dante na Italiya da Cervantes na Sifaniya da Camões na Fotugal. Amma babban kaso na manhajar rubutun 'yan Afirka ne, kuma da yawansu Musulmi ne daga al'ummomin da suka yi kama da na arewacin Najeriya.

Littafin Cheikh Hamidou Kane na Senegal, L'Aventure ambiguë, wanda ya fito a 1961, labarin yaro ne Bafillace da aka cire daga makarantar allo aka kai shi boko har Faris, da rikicin da hakan ya haifar a zuciyarsa. Babu garin da wannan tambaya ta fi yi wa zafi kamar Maiduguri. Mariama Bâ, ita ma 'yar Senegal, ta rubuta Une si longue lettre a 1979, wasiƙar matar da ke takaba tana waiwayen aurenta da kishiyar da aka yi mata. Littafin ya ci kyautar Noma a 1980. Abdoulaye Mamani na Nijar ya rubuta Sarraounia a 1980 a kan Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, labarin ƙasar Hausa da aka adana da Faransanci, Med Hondo kuma ya mayar da shi fim a 1986.

Na kusa-kusan nan, Djaïli Amadou Amal, haifaffiyar Marwa a arewacin Kamaru, ta ci kyautar Goncourt ta ɗaliban sakandare a 2020 da littafinta Les Impatientes, wanda ya tattauna auren dole da haƙurin da ake ɗora wa mata a gidajen Fulani. A 2021 Mohamed Mbougar Sarr na Senegal ya ci babbar kyautar Goncourt. Marwa maƙwabciyar Borno ce, amma mai karatu a Maiduguri ba zai san abin da marubutanta ke faɗa ba sai an fassara masa. Littattafan nan kaɗan ne ƙwarai suka samu shiga harsunan Najeriya, kuma wannan fili ne da ke jiran masu digirin Faransanci da suka iya Hausa ko Kanuri da kyau.

Tarihin Borno da ke rubuce da harshen wasu

Amfanin harshen bai tsaya ga ɗaliban adabi ba. Wani muhimmin kaso na abin da aka rubuta a kan Borno da tafkinta da Faransanci yake. Tawagar Jean Tilho, wadda ta shata iyakar Najeriya da Nijar tsakanin 1906 da 1909, ta bar kundaye a kan taswirar tafkin da tarihin masarautun yankin. Yves Urvoy ya wallafa tarihin daular Borno a 1949. Dierk Lange ya fitar da nazarinsa na Diwan, jerin sarakunan Kanem-Borno, da Faransanci a 1977. Masanan Faransa sun kwashe shekaru suna auna ruwan tafkin da kogunan Shari da Logon da ke ciyar da shi, rahotannin mulkin mallaka na Nijar da Chadi kuma da yawansu suna ajiye a Faransa. Mai binciken tarihi ko kimiyyar ruwa ko noma a Maiduguri da bai iya karanta waɗannan ba, da ido ɗaya yake kallon yankinsa.

Haka lamarin yake ga harshen Fotugis. Sunan Legas daga gare shi ya fito, sunan Kamaru ma daga laƙabin da matuƙan jiragen Fotugal suka yi wa kogin Wuri saboda yawan jatan landensa. A jihar Bahia ta Brazil, bayi Hausawa sun shirya tawaye a 1807, kuma a 1835 Musulmi bayi da 'yantattu, Yarbawa da Hausawa, suka yi boren da ake kira na Malê a birnin Salvador. Bayanan shari'ar da aka yi musu da Fotugis suke, haka ma fitaccen binciken da masanin tarihi João José Reis ya wallafa a kansu a 1986. Ta teku kuwa, Najeriya tana maƙwabtaka da Ikwatoriyal Gini mai amfani da Sifaniyanci, da Sao Tome da Principe mai amfani da Fotugis, wadda ta ƙulla yarjejeniyar haƙar mai ta haɗin gwiwa da Najeriya a 2001.

Shin rana ta fara faɗuwa ga Faransanci?

Masu shakka suna da hujja. Kundin tsarin mulkin Mali na 2023 ya sauke Faransanci daga harshen hukuma zuwa harshen aiki, Burkina Faso ta bi sahu. A watan Maris na 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta bar Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. A watan ne kuma ƙasashen uku suka sanar da ficewa daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, wadda a birnin Yamai aka aza harsashinta ranar 20 ga Maris, 1970, da sa hannun shugaba Diori Hamani. Tun a watan Janairun 2025 ficewarsu daga ECOWAS ta tabbata.

Sai dai sauya matsayin harshe a doka abu ne da ake yi rana ɗaya, sauya harshen da aka rubuta dokoki da manhajoji da bayanan kotu na shekaru sittin kuwa aikin zamani guda ne. Sanarwar gwamnatocin nan da kansu da Faransanci ake fitar da mafi yawansu. A Chadi, Faransanci da Larabci su ne harsunan hukuma. A Kamaru, Faransanci da Ingilishi. A Benin, Faransanci. ECOWAS, mai hedikwata a Abuja, tana aiki da Ingilishi da Faransanci da Fotugis. Tarayyar Afirka tana amfani da waɗannan uku tare da Larabci da Sifaniyanci da Swahili. Daga cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya, biyu 'yan dangin Latin ne.

Ɗaukaka Hausa a Nijar ma ƙarin aiki ne ga masu fassara. Idan ana son dokoki da littattafan makaranta su koma Hausa, dole a samu waɗanda suka fahimci asalin da ke Faransanci, suka kuma mallaki Hausar da za ta ɗauki ma'anar shari'a da kimiyya.

Ina aikin yake?

Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi, wadda Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa ranar 22 ga Mayu, 1964, a Njamena take da hedikwata, kuma da Faransanci da Ingilishi take aiki. Rundunar haɗin gwiwa da ke yaƙi da Boko Haram ma tun 2015 a can hedikwatarta take, inda hafsoshin da suka yi horo da harsuna biyu ke tsara aiki tare. Taron gwamnonin yankin tafkin, wanda aka fara a Maiduguri a watan Mayun 2018, ba ya yiwuwa sai da tafinta. 'Yan Borno da suka yi gudun hijira zuwa sansanin Minawao a Kamaru, ko yankin Diffa a Nijar, ko Baga Sola a Chadi, sun haifi 'ya'ya a can, kuma takardun haihuwa da na makaranta da wasunsu ke dawowa da su suna buƙatar wanda zai karanta su daidai.

Ƙungiyoyin agaji masu tushe a Faransa, irin su Médecins Sans Frontières da Action contre la Faim da Première Urgence Internationale, sun yi shekaru suna aiki a Borno. Ma'aikatar Harkokin Waje da hukumomin shige da fice da kwastan suna buƙatar masu harshen a kan iyakoki da ofisoshin jakadanci. A aikin jarida, Muryar Najeriya tana da sashen Faransanci, Rediyon Faransa kuma ya buɗe sashen Hausa a 2007. Sai koyarwa, wadda ita ce ta fi ɗaukar masu digirin, kuma ita ce ta fi ƙarancin hannu.

Gaskiyar da ya kamata ɗalibi ya sani tun farko ita ce takardar digiri kaɗai ba ta buɗe waɗannan ƙofofi. A ganawar ɗaukar aiki, minti biyar na hira ya isa a gane wanda ya iya da wanda ya haddace. Manhajojin fassara na wayar hannu sun riga sun karɓe ƙananan ayyuka, kamar karanta saƙo ko allon sanarwa. Abin da ya rage wa mutum shi ne aikin da kuskure a cikinsa ke da tsada: tafinta a zaman sulhu, fassarar yarjejeniya, ɗaukar bayanin majiyyaci ko na mai ba da shaida. Saboda haka waɗanda suka fi cin moriyar fannin su ne suka haɗa harshen da wani ilimi, kamar shari'a ko aikin jarida ko kiwon lafiyar al'umma ko harkar kasuwanci.

A nan ne matashin Maiduguri yake da fifiko. Da yawa sun tashi da Kanuri da Hausa, wasu da Larabcin Shuwa ko Fulatanci ko Babur ko Margi, sun kuma samu Ingilishi a makaranta. Wanda ya ɗora Faransanci a kan wannan zai iya sauraren masunci a Baga da harshensa, ya rubuta rahoton da za a karanta a Abuja, ya kuma kare shi a gaban taro a Njamena. Samar da irin waɗannan mutane da yawa ya rataya ne a kan abubuwa sanannu: a ɗauki malaman Faransanci a makarantun sakandaren jihar, a tallafa wa ɗalibai da kuɗin zaman Badagry, a kuma ƙulla musayar ɗalibai da malamai tsakanin Jami'ar Maiduguri da jami'o'in Marwa da Diffa da Njamena gwargwadon yadda tsaron hanyoyi ya ba da dama.